Mota Ba Ta Mutuwar Fuju'a

Da za a tara ɗaliban makarantar nan a tambaye su abin da kowa zai fara saye ran da Allah Ya ba shi aiki, na tabbata fiye da rabinmu mota za su ce. Wasu ma sun riga sun zaɓi irinta da launinta, har da wanda za su ɗauka a gidan gaba. Amma da za a sake tambaya a ce wa ya san inda ake duba baƙin mai, ko wa ya iya karanta shekarun taya, to, hannuwa kaɗan za a gani a sama. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin abin da na gani, da abin da na koya, a dogon hutun shekarar 1446 ta Hijira, watau daminar 2024, lokacin da na yi mako shida ina yaron mota a wajen kawuna.

Ni mutumin Zugu ne, cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum. Duk wanda ya fito daga yankinmu, ko daga ƙasar Anka ko ta Gummi, ya san ba mu da jirgin ƙasa, ba mu da filin jirgin sama. Babbar hanyarmu ita ce wadda ta taso daga Gummi ta biyo ta Daki Takwas, ta ratsa ƙasar Bukkuyum, ta wuce Anka, ta faɗa titin Sakkwato zuwa Gusau a Mayanci. Daga nan sai Maru, sai Bunguɗu, sai Gusau. Tun ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, yawancin harkokinmu suka koma Gusau. Mai neman takarda a ma'aikata can zai nufa, mai sarin kaya can, majinyacin da ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin gida shi ma can. Saboda haka ko wanda bai mallaki keke ba a garinmu, akwai ranar da ransa zai rataya a kan lafiyar motar wani.

Kawuna wan mahaifiyata ne, yana zaune a Gummi, ya kuwa ba shekara sittin baya. Yakan ba mu labarin ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Ya ce a lokacin yana yaro, su da abokansa suka kwana biyu suna zuwa bakin hanya don su ga yadda motoci za su yi karo, amma motocin ma ba su da yawan da za su haɗu. Daga baya ya shiga bin wata babbar mota Roka mai ɗaukar hatsi da auduga, ya shekara bakwai yana wankinta, yana sa mata waigi, kafin maigidansa ya yarda ya taɓa sitiyari a kan titi. Ya tuƙa Fijo 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, har ta tsufa a hannunsa. Motar da na tarar da shi da ita kuwa Golf ce mai dogon baya, wadda ta girme ni da fiye da shekara goma. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga kafin ta rufu, amma in ka ji tashin injinta sai ka ce jiya aka kwance ta daga leda.

Darasina na farko ba a cikin mota aka yi shi ba, a ƙarƙashinta aka yi. Da an sallame Asuba, kafin a sa makulli, sai Kawu ya ce in durƙusa in dubi ƙasar wurin da motar ta kwana.

"Mi ka gani, ɗan boko?"

Na ce, "Ƙasa ce kawai, Kawu."

Ya ce, "To, madalla. Ran da kag ga abin da ba ƙasa ba, ka kira ni."

Ya koya mini cewa kowane ɗigo da ma'anarsa. In baƙi ne mai kauri a ƙarƙashin inji, baƙin mai ne ke yoyo. In mai santsi ne, ba shi da duhu, a gefen taya ta ciki, wannan man birki ne, kuma ran nan ba za a fita ba sai an ga bakanike. In ruwa ne a gaba, to, ko lagireto ko ɗaya daga cikin tiyoyinsa ya huje. Bayan an duba ƙasa sai a buɗe bonet. A zaro sandar awon baƙin mai, a goge ta da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, ana so mai ya tsaya a tsakaninsu. Wannan awo kuwa a wuri mai baiɗaya ake yinsa, kafin a ta da inji. Sa'an nan Kawu yakan murza man da yatsu biyu, ya duba, ya shinshina. Ya ce in ka ga baƙin mai ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga cikinsa, alamar gaskit ya ƙone ke nan, in ka matsa wa motar injin zai buga.

Daga nan sai ruwan lagireto, sai man birki, sai fambel, wanda yakan danna da babban yatsa ya ji ko ya saki, ya kuma juya shi ya ga ko ya fara tsattsagewa. Sai batir. In ya ga farin gari ya taru a kan ƙahonninsa, sai in kawo ruwan zafi a wanke, a ɗaure, a shafa ɗan giris. Sai ya zagaya tayoyi huɗu da safaya, yana bin notina da sifana. Daga ƙarshe ya shiga ya ta da inji, ya kashe rediyo, ya yi shiru yana saurare, ni kuwa ina tsaye a waje ina gaya masa ko fitilun gaba da na birki da sigina sun kama. Na sha duba agogo, duk wannan aiki bai taɓa cin minti ashirin ba.

Wasu direbobi matasa a tasha suna kiran wannan al'ada tasa "duba gari", suna masa ba'a wai ya mai da mota amarya. Shi kuwa amsarsa guda ce kullum. Yakan ce mota ba ta mutuwar fuju'a. Kafin ta tsaya maka a daji sai ta yi kwana da kwanaki tana faɗa maka, da ɗigo, da ƙara, da wari, da hayaƙi, da rawar sitiyari. Farin hayaƙi mai yawa bayan inji ya yi zafi, ruwa ke shiga inda bai kamata ba. Mai shuɗi-shuɗi, inji na shan baƙin mai, ringi ya ci. Baƙi wuluk, fetur ya yi wa iska yawa, galibi kuwa matacin iska ne ya toshe, abin da ba wuya a wurinmu, musamman da hunturu in ƙura ta taso. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe in an taka birki, takalmin birki ya ƙare. Ya ce direban da ya ce motarsa ta mutu haka kawai, ko dai kurma ne, ko kuwa ya ji ya ce a yi maneji.

Wannan kalma ta maneji, ni a ganina, ita ce babbar cutar motocin yankinmu. Na zauna a garejin da Kawu ke kai sabis, na ji ta fiye da sau goma a wuni ɗaya. Bakanike zai ce, "Alhaji, tiyon nan ya mutu, a sayo sabo." Mai mota ya ce, "Ɗaure mini shi da roba, mu yi maneji zuwa Juma'a." Juma'a ta zo ta wuce, wata Juma'ar ma ta wuce. Na ga wanda man birkinsa ya ƙare ya zuba ruwan sabulu, alhali ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi, ya kuma cinye robobin ciki, ya sa tsatsa. Na ga wanda fis ɗinsa ya ƙone ya naɗa waya a madadinsa, bai san an yi fis ne don ya ƙone shi kaɗai ya tsirar da sauran wayoyi daga gobara ba. Na ga taya mai noti uku maimakon huɗu, cike da fasinja.

Ba zan ɗora wa masu mota laifin duka ba. Rayuwa ta yi tsada. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Kayan gyara su ma suka bi sahu. Direban haya yana da balas da zai kai wa mai mota, ga kuɗin tasha, ga cefane. Amma Kawu yakan yi lissafin a fili. Tiyo guda nawa ne, gaskit da aikin saukar da kan inji nawa ne, sabon injin Beljiyam nawa ne? Kowane ɗaya ya ninka na bayansa sau da yawa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, kuma wanda ya ƙi jin bari ya ji hoho. Shi dabararsa ita ce kowace rana yakan ware wani abu daga cinikin ranar ya jefa a gwangwani, ya ce wannan rabon motar ne, ko yunwa ba ta taɓa shi. Da yake agogon tafiyar motar ya daɗe da mutuwa, sai yake rubuta kowane zuwa Gusau da dawowa a ɗan littafi, in ya lissafta ya ga tafiya ta kusa kilomita 5,000, sai a juye baƙin mai a sa sabon mataci, ko da man bai yi baƙi ƙirin ba.

Makanikai kuma su ma iri-iri ne. Akwai na kirki, wanda zai saurari inji, ya yi tambaya, ya gwada, kafin ya ɗauki sifana. Akwai kuma mai lalube, wanda zai ce a sayo fulogi, in ba ta tashi ba ya ce a sayo famfon mai, in ba ta tashi ba ya ce aikin mai rewaya ne. Kawu ya ce abu uku yake yi. Ba ya sauya bakanike kamar riga, ba ya barin mota a gareji ya tafi shan shayi, sa'an nan duk abin da aka cire sai an miƙo masa tsohon ya gani da idonsa.

A garejin nan ne na ga wani abu da ya tayar mini da hankali, wanda ya shafi iyayenmu kai tsaye. Na ga yara ƙanana suna wasa da fasasshen batir, suna ciro farantan cikinsa. Jama'a, abin da ke cikin batirin mota dalma ce da ruwan asid. Mu kuwa mutanen Anka da Bukkuyum ba ma bukatar a gaya mana mece ce dalma. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, sai da likitocin ƙasashen waje suka zo suka shekara da shekaru suna magani, aka kuma kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Dalmar batir da ta dutse duk guda ce a jikin yaro. Don haka mataccen batir a mai da shi wa masu saye, kada a fasa, kada a ajiye shi a tsakar gida, kada kuma a narka dalmarsa a murhun da ake girki.

Taya kuwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta sha yin gargaɗi a kan amfani da tsofaffin tayoyi. Yawancin tayoyin Beljiyam da ake kawo mana zanensu na nan raɗau, amma robar ta bushe, an kuma yi wasunsu ne don ƙasashen ƙanƙara, ba don kwaltar watan Afrilu a Zamfara ba. Akwai kuma wani kuskure da ya bazu, wai in ana zafi a rage wa taya iska don kada ta fashe. Gaskiyar magana tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ta fi lanƙwasa in tana gudu, lanƙwasar nan ke sa ta zafi, zafin ke fasa ta. Awon iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma da safe ake gwadawa, taya na da sanyi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba.

To, duk wannan gyara ne. Saura hali, wanda ba a sayar da shi a shagon kayan mota. Tun da mai ya yi tsada wasu direbobi suka ɗauki ɗabi'ar kashe inji a gangara don su rage shan mai. Ba su san birkin motocin nan da taimakon inji yake aiki ba. In inji ya mutu, taki ɗaya ko biyu birki zai yi tauri kamar dutse, in kuma makulli ya juya sosai sitiyari na iya kullewa. Wasu suna ɗora ƙafa a kan kuloci tun daga Gummi har Gusau, sa'an nan su yi mamakin ƙonewarsa. Wasu suna wuce babbar mota a kan kwana. Wasu waya a kunne, hannu ɗaya a sitiyari. Wasu kuma, abin takaici, sai sun haɗiyi ƙwaya kafin su kama hanya. Ga lodi: mutum biyu a kujerar gaba, wani ma a matse da direba har ba ya iya sa giya sai ya ce a ɗaga ƙafa, buhunan gero a but har salansa na sharar ƙasa.

Game da gudu, malaminmu na lissafi ya taɓa ba mu wani aiki da sai a wannan hutu na ga amfaninsa. Mai tafiyar kilomita 100 da gudun 80 zai yi minti 75. Mai gudun 120 zai yi minti 50. Ribarsa minti 25 ke nan. Amma mai gudun 120 yana cin mita 33 a kowane daƙiƙa guda, watau kafin ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai kan birki ya riga ya wuce tsawon aji uku. Nisan da birki ke bukata kuma ba ninki ɗaya yake ƙaruwa ba, in gudu ya ninka biyu shi sai ya ninka huɗu. Hanyarmu kuwa ga ramuka, ga shanu, ga jakuna, ga babura masu fitowa daga gona ba sallama. Da na yi wa Kawu wannan bayani sai ya yi dariya ya ce, "Ashe bokon naku na da amfani. Mu da jinin mutane munka koyi wanga lissahi."

Amma fa akwai wata magana da ba zan ɓoye ba, don kowa ya san ta. A shekarun nan da yankinmu ya sha fama da 'yan bindiga, direbobi da yawa ba don ganganci suke gudu ba, tsoro ne. Su kansu fasinjoji in an shiga daji sai ka ji suna cewa, "Direba, taka mana!" A watan Satumba na 2021 har sai da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Kawu bai taɓa raina wannan tsoro ba, shi ma yana da iyali. Abin da yake cewa shi ne, a irin wannan hanya ba mota mai gudu ake bukata ba kamar motar da ba za ta tsaya ba. Maganinsa shi ne ya fita da wuri, ya tambayi labarin hanya a tasha kafin ya ɗaga, ya bi ayarin 'yan'uwansa, ya juyo gida tun rana na sama, ko da kuwa kujera biyu ba kowa.

Wata ranar Litinin cikin watan Agusta na ga gaskiyar maganarsa. Mun taso daga Gusau bayan Azahar, an yi ruwa da safe, hadari kuma na sake haɗuwa a gabas. Bayan mun wuce Mayanci wata mota Sharon ta zo ta wuce mu kamar iska, direban saurayi ne da muka sani a tasha, har ya danna mana ham yana ɗaga hannu. Wani fasinja a bayanmu ya yi tsaki ya ce da ya sani da waccan ya shiga. Kawu bai tanka ba. Muka tsaya Anka muka sauke mutum biyu, muka yi La'asar, muka ci gaba. Mun yi nisa cikin daji, inda ba gida gaba ba gida baya, dawa ta yi tsawo ta rufe gefen hanya, sai ga Sharon ɗin nan a tsaye, bonet a buɗe, tururi na tashi. Fasinjoji sun fito sun yi cirko-cirko, mata uku da goyo, da wani tsoho da aka sallamo daga asibiti yana zaune a kan dutse.

Motarmu ta yi tsit. Mutumin nan da ya yi tsaki ɗazu shi ne ya fara cewa, "Direba, don Allah kada ka tsaya, wurin nan ba shi da kyau." Wata dattijuwa kuwa ta ce, "Haba ɗan nan, in kai ne a can fa?" Na dubi Kawu, na ga ya dubi madubi, ya dubi rana, sa'an nan ya sauka gefen hanya. Bai kashe inji ba. Ya ce da ni in ɗauko akwatin kayan aiki da jarkar ruwa.

Muka tarar saurayin ya naɗe hannu da tsumma zai buɗe murfin ruwa. Kawu ya daka masa tsawa: "Kai, bari! So kake ka toye huskarka?" Ruwan da ke cikin inji mai zafi a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, da an buɗe zai yi tsartuwa sama. Saurayin ya ja da baya, jikinsa na rawa, ya ce, "Baba, wallahi lahiya lau take, haka kawai ta yi min wannan." Kawu bai ce komai ba, sai ya nuna masa tiyon da ya fashe. An naɗe shi da robar tsohon tib, robar ma har ta yi fari don daɗewa, ga sawun tsatsa inda ruwa ya jima yana bi.

Fashewar kusa da bakin tiyon take. Kawu ya sa wuƙa ya yanke wurin da ya mutu, ya jawo sauran da ƙyar ya kai, ya ɗaure da sabon maɗauri na ƙarfe daga akwatinsa. Sai jiran inji ya huce, wanda shi ne abu mafi wuya. Minti ashirin ɗin nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Ba mai magana da ƙarfi. Ko jaririn da ya fara kuka sai da uwarsa ta yi maza ta ba shi nono. Babur ya ɓullo daga nesa, kowa ya zuba masa ido, ashe wani manomi ne da buhun taki. Da inji ya huce aka zuba ruwanmu a hankali, aka tayar, Kawu ya duba sandar mai ya ga ba ta yi fari ba, ya ce Allah Ya taimake shi gaskit bai tafi ba. Ya mai da tsohon nan da mace ɗaya mai goyo cikin motarmu inda muka sauke mutane, ya ce da saurayin, "Shiga gaba, ina bayanka. Kada ka wuce sittin, idonka na kan allurar zahi." Haka muka rako shi har Nasarawar Burkullu, ana kiran Magariba, ruwa na sauka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da mutane suka yi bayan an tsira. Kowa cewa yake, "Allah Ya kiyaye, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Haka ne, babu mai ja da ƙaddara. Amma malamanmu na addini sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana ɗaukar sababi, mai raƙumi ma an umurce shi ya ɗaure abinsa tukuna. Tiyon da aka san ya huje tun makonni uku ba tsautsayi ba ne, sakaci ne, kuma ran mutum goma sha aka ɗora a kansa, har da jarirai da ba su san an yi maneji ba. Mun iya rubuta addu'a a bayan mota, yana da kyau, sai dai a haɗa da buɗe bonet.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu masu mota da masu babur, don shi ma babur da baƙin mai da birki da taya yake tafiya, su ba abin hawansu 'yan mintocin nan na safe. In an fita da damina aka tarar ruwa ya hau hanya, a tsaya a ga zurfinsa, domin in ya kai inda inji ke shaƙar iska, inji ya gama. In an haye kuma a ɗan taka birki a hankali har ya bushe. In dole ta sa an sayi mai a wajen 'yan bumburutu, a ɗaga kwalbar a duba gindinta, ruwa a ƙasa yake kwanciya, a kuma tace da kyalle. Kada a fita ba safaya mai iska, da jak, da sifana, da fambel, da jarkar ruwa, da tocila. Iyaye mata kuma da sauran fasinjoji, kuɗinku kuka biya, kuna da ikon duban taya kafin ku shiga, kuna da ikon ce wa direba ya rage gudu, in ya ƙi ku sauka a gari na gaba. Jin kunyar minti ɗaya ya fi zaman makoki na kwana bakwai.

Mu kuwa ɗalibai, kada mu raina sana'ar hannu don muna sa fararen kaya. Abin da muke karantawa a aji game da zafi da matsi da gudu, shi ne ke cikin bonet, kuma motocin da ake ƙerawa a zamanin nan da na'ura ake binciken ciwonsu, suna bukatar bakaniken da ya yi karatu. Wanda duk ya sami hutu, ya nemi izinin iyayensa ya je ya zauna kusa da wani gwani, ko bakanike, ko mai faci, ko tsohon direba, ya buɗe ido da kunne. Ko bai zama direba ba, wata rana shi ne zai ɗauki mahaifiyarsa zuwa asibiti da tsakar dare.

Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya. Amin.